Gidan da Kawu Mordecai Ya Gina wa Farfesa

Kawu Mordecai bai taɓa cewa "ban iya ba" tun da aka haife shi. Ƙanin Mama ne. Ya zo daga Zonkwa wai zai ɗan kwana biyu a gidanmu na Samaru, yau ga shi har masu keke-napep sun san sunansa. In ka tambaye shi aikinsa sai ya ce injiniya. In ka ce injiniyan me, sai ya ce, "Kawo abin da ya lalace ka gani."

Mun kawo, mun kuma gani. Fankar falo da ya gyara da baya take juyawa yanzu, silin take yi wa fifita. Famfon tsakar gida in ka murɗa shi ta gefe yake fesowa ya wanke maka ƙafa. Rediyon Baba Elias, tsohon da ke haya a ɗakin bakin ƙofa, tasha ɗaya ta rage masa, ita ma ba wanda ya san yaren da suke yi.

Shi ya sa wata safiya Mama ta tsayar da shi da ludayi a hannu.

"Modi, buɗe kunnenka. Ka sake ɓata min abu ɗaya a gidan nan, ka ɗauki jakarka ka koma Zonkwa."

"Yaya, ai ni ba na ɓata abu. Inganta shi nake yi, ku ne ba ku saba ba."

"Na dai faɗa maka."

Ba abin da Kawu yake tsoro kamar Zonkwa. Gona ce take jiransa can, da fartanya mai sunansa.

To, ga yadda aka yi. Anti Remi ɗalibar jami'a ce, tana haya a ɗakin ƙarshe, kuma tana da ƙadangare. Ba irin jan gwadan nan namu masu gyaɗa kai a katanga ba. Wannan faffaɗa ne, launin yashi, da ƙayoyi a ƙarƙashin haɓa kamar gemu. Sunansa Farfesa, saboda sai ya zauna ya zuba maka ido ya ƙi cewa komai. A akwatin gilashi yake zama, da ƙwan wuta na musamman a sama, wai ƙasarsu rana ce zalla, ba ya jure sanyi. Mu kuwa lokacin muna tsakiyar marka, yayyafi safe da yamma, wanki ma ba ya bushewa.

Ranar da Anti Remi za ta tafi Ibadan bikin yayarta, garin jawo jaka ta ture akwatin. Gilashi ya tarwatse, ƙwan ya mutu. Farfesa dai ko gezau. Ta fito da shi a cikin kwali tana neman yin kuka, ga mai keke yana mata hon a waje.

Kawu yana wanke baki a bakin famfo. Ya tofar da kumfa ya taso.

"Wannan ne abin kuka? Kafin ki dawo na gina masa gidan da ya fi na da."

"Ankul, za ka iya? Ba wuya fa. Gefe ɗaya zafi, gefe ɗaya sanyi, shi zai zaɓi inda yake so. Sai gyare da ɗan ganye."

"Ƙadangare ne fa, Remi. Da ƙadangaru muka girma."

"Gefe ɗaya zafi, gefe ɗaya…"

"Na ji, na ji. Zafi. Je ki, kar mota ta bar ki."

Ta miƙa masa kwalin da abin sayen kaya, ta ce ranar Lahadi za ta dawo. Da Mama ta ji labari, abin da ta ce kawai shi ne, "Ba a ɗakina ba, ba da kayana ba."

Washegari Mama ta aike ni Sabon Gari sayen fulawa, Kawu ya ce mu tafi tare. Maimakon layin masu fulawa sai ga mu a layin 'yan katako, gaban shagon wani mai suna Celestine, ɗan gajere mai fensir a bayan kunne.

"Oga, barka da zuwa. Me za a gina?"

"Gidan diragon," in ji Kawu, da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji.

Mai zarto ya tsaya da yanka. Celestine ya cire fensir ɗin.

"Diragon? Wanda yake fitar da wuta ta baki?"

"Ɗan'uwansa ne. Wannan bai fara ba tukuna."

"Chineke, Allah mai iko. Yaya girmansa?"

Kawu ya laluba aljihu, ba tef ɗin awo. Injiniya guda, ba tef. Sai kawai ya kwanta a ƙasa cikin garin katako, ya miƙe ƙafafu, ya haɗa hannu a ƙirji.

"Auna ni. In ni na shiga, shi ma zai shiga, har da wurin girma."

Na ce, "Kawu, ai bai fi tsawon hannuna ba."

Ya kira sunana. "Scho, fulawa aka aiko ki ko shawara?"

Celestine ya riga ya fara aunawa. "Yarinya, bar Oga. Dabba yana girma. Oga, miƙe ƙafa sosai, kar ka cuci diragon."

Haka muka fito da katako tuli guda, da ragar waya irin ta kejin kaji, da ƙusoshi. Mai keke ya ɗaura katakon a sama, ya leƙo gaba ya leƙo baya. A Kwangila da ya sha kwana, sai da katakon ya cire wa wani ɗan acaɓa hula. Kawu ya leƙa ya ce masa, "Yi haƙuri, aikin gwamnati ne." Ni kuwa sai da muka iso Samaru na tuna ban sayi fulawar ba, na koma a ƙafa rabi a keke rabi ina ƙunƙuni.

Kafin in dawo an fara bugu. Kawu ya yi ta bugu, ya yi ta bugu, ya bugi ƙusa ya bugi yatsa. Baba Elias ya jawo kujerarsa ya zauna daidai inda zai ga komai.

"Injiniya, wannan shagon caji ne ko banɗaki?"

"Baba, in ba ka karanta zane ba, ba za ka gane ba."

"Ina zanen?"

"Yana kaina."

"To Allah ya fito da shi lafiya."

Abin ya tashi a tsakiyar tsakar gida, dogo kamar akwatin gawar ƙato, ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta sai da aka sa mata bulo. Ƙofar ta ciki take buɗewa, ba ta waje ba. Da aka zo rufi kuma katako ya ƙare.

Kawu ya tsaya ya kalli sama, ya kalli ɗakinsa. Da ma ɗakin ba silin, tun ranar da ya ce zai gyara wayar wuta. Ya jira Mama ta fita, ya hau tsani, ya ɓamɓaro kwano guda daga rufin ɗakin nasa, ya shimfiɗa farar leda a ramin, ya danne da duwatsu.

Na ce, "Kawu, Mama fa?"

"Ɗakina ne. Taga na ƙara masa ta sama. Turawa ma haka suke yi."

Daga ƙasa ba a ganin wurin, sai ka shiga ɗakin, kuma ba mai shiga ɗakin Kawu saboda takalmansa.

Sai maganar zafi. Kawu ya taɓa aiki a gidan kaji a Bomo kafin su sallame shi, don haka ya ce ya san sirrin. Yadda ake yi wa 'yan tsaki: a sa kaskon gawayi a tsakiya, a lulluɓe ko'ina da buhu, kar iska ta shiga. Ya sa Farfesa a ciki, ya sa kasko, ya rufe da buhunan taki har ƙasa.

Na ce, "Anti Remi ta ce gefe ɗaya sanyi."

"Sanyi ai yana waje kyauta. In yana so ya nema."

Ba a jima ba hayaƙi ya turnuƙe gidan. Gawayin jiƙaƙƙe ne. 'Yan haya suka fito suna tari, maƙwabta suka shigo da bokitai, wasu ɗalibai biyu kuma suka shigo da faranti, wai sun ji an fara bandar kifi. Kawu ya yaye buhu ya ciro Farfesa, sai kowa ya ga gemun nan da yake launin yashi ya koma baƙi ƙirin.

"Ka ƙona shi," in ji wata maƙwabciya.

"Toka ce kawai."

Ya ɗauko sabulu da tsohon buroshin haƙori ya fara gogewa. Gemu ya ƙara baƙi. Daga baya ne Anti Remi ta ce mana haka suke yi in ransu ya ɓaci, amma lokacin wa ya sani.

Baba Elias ya shafa nasa farin gemun. "Injiniya, in ka gama da shi ka sa ni a ciki. Na daɗe ina neman abin da zai mayar min da nawa baƙi."

Ana cikin dariya Farfesa ya kumbura gemun ya yi suntum, ya wangale baki. Labarin da Kawu ya baza a Sabon Gari ya riga ya iso unguwarmu, don haka wani ya ce, "Zai fara wutar." Kafin ka ce me, tsakar gida ba kowa sai bokitai. Kawu da kansa na hango shi bayan tankin ruwa da buroshi a hannu.

Ya fito yana gyara riga. "Wuri na ba shi ya huce."

Dabara ta biyu dutsen guga ce. Ya aro na wani ɗalibi, ya rataye shi da waya daga rufin kejin, fuskarsa ƙasa, ya ce wannan ita ce rana ta zamani. Ya shimfiɗa wandonsa na zuwa coci a ƙasa, wai Farfesa ya samu laushi. Yana jonawa aka ɗauke wuta.

Muka jira. Ba wuta. Farfesa ya lafe, ya rufe ido.

"Ba komai," in ji Kawu. "Jikin mutum ma injin ne."

Ya cusa Farfesa cikin rigarsa, ya tsuke bel, ya fita sayen katin waya a bakin titi yana tafiya kamar mai ciki. Mai katin tana cikin miƙa masa, sai ga kai ya leƙo ta wuyan rigar, gemu a ƙarƙashin gemu. Ta bar masa kati, ta bar masa tebur, ta bar masa lema. Har yau in ta hango shi sai ta tsallaka titi.

Kafin ya dawo an kawo wuta. Wayar ta yi zafi ta saki, dutsen guga ya sauka a kan wando. Da muka ji ƙauri muka je, mun tarar da rami a mazaunin wandon, daidai siffar dutsen, har da tsininsa.

"Wannan ma taga ce?" in ji Baba Elias.

Mama ta leƙo daga kicin. "Na wa ne?"

"Nawa ne, Yaya."

"To." Ta koma.

Dabara ta uku, ya bi ɗaki-ɗaki ya aro filas ɗin kowa, ya cika da ruwan zafi ya jera a kejin. Aka wuni ba wanda ya sha shayi a gidan, kejin kuma ko ɗumi. Baba Elias ya tambaye shi ko ya san aikin filas shi ne ya hana zafi fita. Kawu ya ce ya sani, gwada su yake yi ya ga na wa ne jabu.

Abinci ne kawai ya samu da yawa. Ya shiga ciyawar bayan gida ya yi ta kamun gyare da fara, ya cika roba, ya juye duka a kejin. Ragar kuwa ta kaji ce, ramukanta manya. Zuwa yamma jan gwadan unguwa sun ji labari. Wannan ya shiga, wancan ya shiga, har da mata da 'ya'ya.

Na ce, "Kawu, baƙi fa sun cika gidan."

"Masu gadi ne. Babban mutum ba ya zama shi kaɗai."

Ranar Asabar ruwa ya wuni yana zuba. Da gari ya waye Lahadi, kejin ya jiƙe sharkaf, Farfesa kuma da ya kwana a kwalinsa ya yi sanyi ƙalau, in ka taɓa shi da ƙyar yake buɗe ido ɗaya. Kawu ya ɗauki kwalin ya rungume. Yau Anti Remi za ta dawo.

Mama tana sayar da mitfai, gasasshiyar fulawar nan mai nama a ciki, a ƙofar gida, ɗalibai ke saya. Tana da shokes, akwatin gilashin nan mai hawa biyu da ƙwan wuta a ciki da yake riƙe mitfai da ɗumi. Duk gidan nan ba abin da take so kamarsa, ni kaina sai na wanke hannu nake taɓawa. Ranar kuma Zumuntar Mata za su yi taro a gidanmu bayan coci, tun asuba take gashi. Ta shigo da shokes ɗin falo, ta ɗora a tebur, ta jona. Akwai wuta.

Ina ɗaura ɗankwali na hango Kawu ta taga. Ya tsaya gaban shokes, ya kalli ƙwan, ya kalli kwalin da ke hannunsa, ya kalli ƙofar kicin. Ya zuge gilashin, ya sa Farfesa a hawan ƙasa, ya rufa masa jarida.

Ya gan ni. Ya sa yatsa a baki. "Ya ɗan ji ɗumi kawai. Yanzu zan cire shi."

Bai rufe baki ba Mama ta fito da tire. Ta zuge gilashi, ta jera mitfai a hawan sama ba ta ko duba ƙasa ba, ta lulluɓe shokes ɗin da farin mayafin tebur.

Na ce, "Mama…"

"Scho, mun makara."

"Mama, a cikin…"

"Kika ƙara cewa Mama sai na bar ki a gida kin wanke tukwane. Modi, wuce gaba. Da wane wando za ka je ban sani ba, amma za ka je."

Ta kulle falo, ta ƙulle makullin a bakin zaninta.

Ban taɓa ganin mutum ya sha wahala a coci kamar Kawu ranar ba. Ya ɗaura suwaita a ƙugu don rufe tagar wando. Ya tashi zai fita, mai tsaron ƙofa ya ce a bari a gama wa'azi. Fasto kuwa ranar ya samu ƙarfi. Duk inda ya ɗan ja numfashi sai Kawu ya ce "Amin" da ƙarfi, ko zai gane ya rufe. Fasto ya ji daɗi, ya nuna shi ya ce, "Ɗan'uwanmu yana tare da ni," ya buɗe sabon babi.

Da muka fito rana ta buɗe tarwai, karon farko a satin. Kawu ya bi Mama yana cewa ta ba shi makulli ya je ya share falo. Mama ta ce tun da ya zo Samaru bai taɓa riƙe tsintsiya ba, yau ba zai fara da falonta ba.

Mata suka cika falon, duk da zani iri ɗaya. Shugabarsu Mama Bibiana, mace mai jiki da jakar hannu kamar akwatin tafiya, ta ce a rufe ido a yi wa abinci addu'a. Kawu ya fara rarrafe ta bayan kujeru zuwa tebur. Saura kaɗan ya kai aka ce Amin, Mama Bibiana ta ja mayafin.

Farfesa ya hau sama. Ya baje cikinsa a kan mitfai mafi girma, daidai ƙarƙashin ƙwan, ƙafafu a warwatse, baki a buɗe, gemu ya koma launin yashi. Tunda nake ban taɓa ganinsa cikin jin daɗi haka ba. Ya kalli Mama Bibiana. Sai ya ɗaga hannu ɗaya a hankali, ya juya shi a iska, ya sauke.

Mama Bibiana mace ce mai ladabi. Ta ɗaga nata hannun ta ce, "Sannu."

Sai kuma ta gane wa ta gaisar.

Jakar ce ta fara tashi. Ta daki shokes, shokes ya daki ƙasa. Gilashi ya watse, mitfai ya gangara ƙarƙashin kujeru, mata suka hau kan kujerun, wata ta kama waƙar neman ceto, wata tana neman takalminta ɗaya. Farfesa da ya sha ɗumi ya ƙoshi ya bi ta tsakanin ƙafafu da gudun da ba mu san yana da shi ba, ya fice.

Daidai nan keke ya tsaya a ƙofar gida. Anti Remi ta shigo da jaka da ledar biredi.

"Sannunku da taro. Ankul, ina Farfesa?"

Duk matan suka fito tsakar gida suka tsaya. Kawu ya share gumi, ya gyara suwaitar ƙugu.

"Yana gidansa yana hutawa. Kin ga ginin? Bari in fara miki bayani daga tushe…"

"Bari in gan shi tukuna."

"Ba a tashinsa yanzu. Sai yamma. Ko gobe."

Anti Remi ta ja ƙofar kejin, ta ƙi. Baba Elias ya ce, "Tura ciki, 'yata. Injiniya ne ya yi." Ta tura.

Jan gwada suka ɓarke. Manya da ƙanana, duk sun yi taf da gyare, suka watsu ta ko'ina, kan takalma, kan zani, ɗaya ya bi ƙafar Mama Bibiana ya fasa ya sauko. Mata suka sake neman abin hawa. Wata ta hau kan famfo, famfo ya fesa wa ta kusa da ita.

Baba Elias ko motsi bai yi ba. "Farfesa ya fita, ɗalibansa ne suka rage. Ga shi an tashi aji."

Anti Remi ba ta yi dariya ba. Ta leƙa kejin, ta ga filas, ta ga kasko, ta ga dutsen guga.

"Ankul, gasa shi ka yi?"

Mama ta fito daga falo riƙe da abin da ya rage na shokes, ƙarfen gefe da wayar ƙwan tana lilo. Ba ta ɗaga murya ba.

"Modi."

"Yaya, bari in…"

"Jaka."

Ya juya ya nufi ɗakinsa, kai a ƙasa. Ya tura ƙofar, da ma ba a rufe take sosai ba. Sai ya tsaya cak a bakin ƙofar, bai shiga ba bai fito ba. Anti Remi ta leƙa ta kafaɗarsa, ni na leƙa ta ƙarƙashin hannunsa, sauran suka taru a baya.

Rana ta sauko ta farar ledar nan, ta zana haske mai kusurwa huɗu a tsakiyar katifar Kawu. A tsakiyar hasken Farfesa ne kwance, ya baje, da ɓurɓushin mitfai a gemu. Muna kallo ya tashi, ya sauka ƙarƙashin gado inda siminti yake da sanyi, ya ɗan jima, ya sake hawowa cikin rana.

Anti Remi ta dafe ƙirji. "Kun gani? Abin da nake faɗa ke nan. Nan zafi, can sanyi. Ko akwatinsa na da bai kai wannan ba."

Na ga kafaɗun Kawu suna tasowa a hankali. Ya juyo ya fuskanci jama'a, ya yi gyaran murya.

"To, yanzu kun gane. Wancan na tsakar gida gwaji ne. Ainihin gidan ke nan. Tun farko abin da na tsara ke nan, na yi shiru ne don in ba ku mamaki. Ku dubi yadda na auna hasken."

Kowa ya ɗaga kai ya dubi yadda ya auna hasken. Har da Mama. Ta daɗe tana kallon ledar, da duwatsun, da tabon ruwan da ya bi bango.

"Modi, ina kwanona?"

Baba Elias ya nuna rufin kejin da sandarsa.

Mama ta gyaɗa kai. "Ka ce wannan ɗakin gidan Farfesa ne."

"Ƙwarai, Yaya."

"Kai ka tsara masa."

"Da hannuna."

"A gaban Zumuntar Mata ka faɗa."

"A gaban kowa."

"To ya zauna. Remi, ɗaki ya zama na Farfesa, ki sa masa kwano mai haske a wurin ledar nan. Kai kuma kwashe takalmanka, kar su kashe shi."

Kawu ya durƙusa, suwaita ta kwance, tagar wando ta bayyana ga duk Zumuntar Mata.

"Yaya, don Allah ban da Zonkwa. Lokacin noma ne fa. Ko ina ne zan kwana, ban da Zonkwa."

Mama Bibiana, da ta samu takalminta ta samu numfashinta, ta ce a yi masa jinƙai, ranar Ubangiji ce. Mama ta juyo. Ta kalli Kawu daga kai har ƙafa, ta juya ta kalli abin da ke tsaye a tsakar gida a kan bulo, ta sake kallon Kawu.

Ni ce na ce, "Ai da shi aka auna."

Kawu ya shiga kejin daidai, ko ɗan yatsa bai leƙo ba. Mama ta ce nan zai zauna har ranar da sabon shokes zai shigo gidan, kuma ba wanda shi ya ƙera ba.

Yanzu in ɗalibai sun zo sayen mitfai, a cikin kula Mama take ajiye shi, sai Kawu ya leƙo ta raga ya ce musu ya koma gidan kansa, shi ya zana shi ya gina, iska ta ko'ina. Jan gwada har yanzu suna zuwa duba ko akwai gyare. Jiya da safe aka yi yayyafi, na ji shi yana atishawa yana cewa gidan ba laifi, ɗumi ne kawai ya rage a sa masa.

Baba Elias ya ce, "Scho, ɗauko wa Injiniya kasko da buhunan nan. In gemunsa ya yi baƙi ki kira ni."